Ganowa da Ɗebo Ma'adinin Nyerereyit a Dutsen Oldoinyo Lengai na Tanzaniya

Tsakure

Galibin duwatsun da masu bincike ke ɗebowa daga fili sukan isa ɗakin gwaji yadda aka tsince su, ko da sun shekara a hanya. Wannan maƙala ta dubi wasu ma'adinai biyu da suka saɓa wa wannan ƙa'ida, wato nyerereyit da abokin zamansa giregoriyit, waɗanda ake samu a cikin narkakken dutsen da Oldoinyo Lengai na arewacin Tanzaniya ke amayarwa. An bayyana yanayin dutsen, da siffofin ma'adinan, da matakan da ake bi wajen gane su a fili, da kuma dabarun ɗebo su da adana su. Maƙalar ta nuna cewa danshin iska kaɗai ya isa ya fara sauya samfurin cikin sa'o'i, har wani ɓangarensa ya koma sinadarin da Bahaushe ya sani da sunan kanwa. Saboda haka lokacin da aka ɗebi samfuri da yadda aka rufe shi su ne ke tabbatar da ingancin duk sakamakon da za a samu daga baya, kuma a kansu ne wata daɗaɗɗiyar muhawara ta masana kimiyyar duwatsu ta rataya.

Fitilun Kalmomi: ma'adini, dutse mai aman wuta, nyerereyit, kanwa, aikin fili

1.0 Gabatarwa

A tunanin yau da kullum, dutse shi ne misalin abin da ba ya sauyawa. A kan wannan tunani ne aka gina yawancin aikin fili na kimiyyar duwatsu. Mai bincike yakan fasa dutse da guduma, ya rubuta lamba a jikinsa, ya jefa shi a jaka, yana da yaƙinin cewa abin da zai ciro a ɗakin gwaji shi ne abin da ya saka. Ga duwatsu irin na Dala ko na Kwatarkwashi wannan yaƙini daidai ne.

Sai dai akwai ma'adinan da ba su da wannan haƙuri. Ƙungiyar masana ma'adinai ta duniya, wadda aka kafa a 1958, ta amince da nau'o'in ma'adinai fiye da 6,000, kuma da yawa daga cikinsu a wurare ƙalilan ake samun su. Wasu sun yi ƙaranci ne domin sinadaran da ke haɗa su ba su cika haɗuwa wuri guda ba. Wasu kuwa ƙarancinsu ya zo ne daga gajartar rayuwarsu a doron ƙasa, domin iska ko ruwa na rushe su da zarar sun fito. Nyerereyit da giregoriyit sun haɗa dalilan biyu. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda ake gane su da yadda ake ɗebo su ba tare da sun lalace ba, da kuma dalilin da ya sa kuskure a wannan mataki ke iya ɓata dukkan binciken.

1.1 Hanyar Bincike da Kalmomin Fannu

An tattara bayanan maƙalar daga rubuce-rubucen masana da suka yi aiki a kan dutsen tun daga 1960. An Hausantar da sunayen ma'adinai da sinadarai bisa lafazi, an kuma kawo tsarin sinadaransu domin kauce wa ruɗani. A nan “ma'adini” na nufin daskararren abu na halitta mai tsayayyen haɗin sinadarai da tsayayyen tsarin ƙwayoyi, “dutse” kuwa tarin ma'adinai ne. “Narkakken dutse” shi ne ruwan dutsen da ke malalowa daga bakin dutse mai aman wuta, “samfuri” kuma shi ne guntun da aka ɗebo domin gwaji.

2.0 Dutsen Oldoinyo Lengai

Oldoinyo Lengai yana cikin yankin Arusha, kudu da Tafkin Natron, a reshen gabas na babban kwarin da ya tsaga Gabashin Afirka. Tsayinsa ya kai kimanin mita 2,960 daga saman teku. A harshen Masai sunan yana nufin “Dutsen Allah”, kuma har yau al'ummar Masai na girmama shi a matsayin wuri mai tsarki. Daga nesa kansa yakan yi fari fat kamar an zuba masa ƙanƙara. Wannan farin shi ne tsohon narkakken dutse da danshi ya riga ya sauya.

Mafi yawan jikin dutsen an gina shi ne da duwatsun silika masu yawan sodiyam, waɗanda ake kira nefelinit da fonolit, da kuma toka. Abin da ya bambanta shi da sauran duwatsu masu aman wuta shi ne wani ɗan ƙaramin kaso na abin da yake fitarwa. A 1960 wani masanin duwatsu ɗan Birtaniya, J. B. Dawson, wanda ke aiki da hukumar binciken duwatsu ta Tanganyika, ya sauka cikin ramin bakin dutsen ya ɗebo samfuri. A 1962 ya buga sakamakonsa a mujallar Nature, inda ya nuna cewa narkakken dutsen na gishirin kabonet ne mai sodiyam. Har yau wannan ne kaɗai dutse mai aman wuta da aka sani yana fitar da irinsa. Masana na kiran wannan dutse natirokabonatit.

2.1 Bambancinsa da Narkakken Dutse na Yau da Kullum

Narkakken dutsen da aka fi sani, wato basalt irin na tsibirin Hawai, yana ɗauke da silika kashi 45 zuwa 52 cikin ɗari, zafinsa kuma yakan kai digiri 1,100 zuwa 1,200 a ma'aunin Salsiyas. Na Lengai silikarsa ba ta kai kashi 1 cikin ɗari ba, yayin da sinadarin sodiyam ya kai kusan kashi ɗaya bisa uku na nauyinsa, sai kalsiyam da fotasiyam da iskar kabon. A 1988 Maurice Krafft da Jörg Keller sun auna zafinsa suka sami tsakanin digiri 490 da 545, wasu awon kuma sun kusanci 600. Wato zafinsa kusan rabin na basalt ne. Shi ya sa da rana ba ya yin ja. Yakan fito baƙi ko ruwan ƙasa mai duhu, yana gudu kamar baƙin mai, sai da dare ake ganin ɗan jansa. Yana cikin narkakkun duwatsu mafi tsinkewa da aka taɓa aunawa.

A cikin ramin, narkakken dutsen yakan fito ne ta wasu ƙananan tulluwa masu kama da tanderu, waɗanda suke ginuwa daga feshin da ke daskarewa a gefen kafar. Tsawon shekaru bayan 1983 ramin ya yi ta cika har narkakken dutse ya riƙa tumbatsa ta gefe, masu bincike kuma suna iya takawa da ƙafa har bakin waɗannan tulluwa. A watan Satumba na 2007 dutsen ya koma aman toka mai ƙarfi wanda ya ci gaba har cikin 2008, ya bar rami mai zurfin fiye da mita 100 da bango a tsaye. Tun daga lokacin, kusantar sabon narkakken dutse ya ƙara wuya ƙwarai, duk samfurin da aka samu kuma darajarsa ta ƙaru.

3.0 Ma'adinan Biyu

Nyerereyit, mai tsarin Na2Ca(CO3)2, haɗin kabonet ne na sodiyam da kalsiyam, tare da ɗan fotasiyam. An raɗa masa sunan Julius Nyerere (1922–1999), shugaban Tanzaniya na farko. Ƙwayoyinsa falle-falle ne, idan aka yanka su sukan fito dogaye masu kusurwa kamar guntayen allo, kuma ba su da launi ko kuma suna da ɗan fari-fari.

Giregoriyit, mai tsarin (Na2,K2,Ca)CO3, ya fi yawan sodiyam. An sa masa sunan John Walter Gregory (1864–1932), masanin da ya yi nazarin wannan kwari na Gabashin Afirka, kuma J. Gittins da D. McKie ne suka bayyana shi a 1980. Ƙwayoyinsa kewayayyu ne ko masu siffar ƙwai, launinsu ya fi karkata zuwa ruwan ƙasa.

Girman ƙwayoyin duka biyu bai cika wuce milimita kaɗan ba. Suna zaune ne a cikin wani lallausan gauraye mai ɗauke da ƙananan ƙwayoyin ma'adinan biyu, da gishirin fotasiyam da ake kira silbit, da fulorit, da wasu ma'adinan farar wuta. Abin da mai aikin fili ke nema shi ne guntun dutsen da ƙwayoyin ke ciki ba su taɓu ba, domin ba a tsintar ƙwayar nyerereyit ita kaɗai kamar yadda ake tsintar ƙwayar kuza a rafi.

3.1 Yadda Danshi Ke Mayar da Su Kanwa

Ma'adinan biyu ba su da ko ɗigon ruwa a tsarinsu, domin a cikin zafi suka ginu. Da zarar sun huce a sararin iska sai su fara jan danshi. Giregoriyit da gishirin da ke kewaye da shi su ke fara narkewa. Cikin sa'o'i kaɗan saman baƙin dutsen yakan fara yin toka-toka, cikin 'yan kwanaki kuma ya yi fari, idan an yi ruwan sama kuwa sauyin ya fi sauri. Farin ɓawon da ke fitowa ya ƙunshi sababbin ma'adinai: tamonatirit (Na2CO3·H2O), da nakolit (NaHCO3), da turona (Na3H(CO3)2·2H2O). Nyerereyit ya fi juriya, amma shi ma a hankali yakan sha ruwa ya koma firsonit (Na2Ca(CO3)2·2H2O). Idan ruwan sama ya ci gaba da wanke sodiyam, abin da zai rage a ƙarshe shi ne kalsit (CaCO3), ma'adinin da ke cikin dutsen farar ƙasa. Anatoly Zaitsev da Jörg Keller sun yi cikakken bayanin waɗannan matakai a 2006.

A nan ne mai karatu Bahaushe yake da wata riba. Turona ita ce babban sinadarin kanwa, wadda ake sa wa miyar kuɓewa da wake da kunun mai jego, ake kuma ba dabbobi. Fatake sun daɗe suna kawo ta ƙasar Hausa daga gaɓar Tafkin Chadi da ƙasar Manga da Dallol Bosso, kamar yadda Paul Lovejoy ya nuna a littafinsa na 1986 a kan cinikin gishiri da kanwa. Sunan Tafkin Natron da kansa ma'anarsa tafkin kanwa ce, a Tafkin Magadi na Kenya kuma fiye da shekara ɗari ke nan ana haƙar turona. Bambancin shi ne kanwar kasuwanninmu ƙafewar ruwa ce ke samar da ita, ta saman Lengai kuwa daga rugujewar ma'adinan wuta take fitowa. Duk da haka, wanda ya san ƙaiƙayin kanwa a fata da santsin ruwanta a yatsa ya riga ya san alamomin samfurin da ya lalace. Mai binciken da ya yi sakaci yana iya hawan dutse mai tsayin kusan mita 3,000 ya sauko da abin da bai wuce wanda ake aunawa a kasuwar Kurmi ba.

4.0 Matakan Ganowa a Fili

Hausawa na cewa kama da wane ba ta wane. A saman Lengai abubuwa huɗu ne ke iya kama da juna: sabon natirokabonatit, da wanda ya fara lalacewa, da tsohon da ya koma kalsit, da kuma duwatsun silika masu duhun launi. Babu gwaji guda da zai raba su duka, don haka ake bin matakai, kowane mataki yana fitar da ɗaya daga cikin masu kama.

Mataki na farko shi ne lura da wuri da launi. Malalar da ke baƙi wuluk, mai sheƙi, wadda ke da ɗumi ko aka ga fitowarta, ita ce sabuwa. Mai launin toka ta kwana biyu, fara kuma ta fi daɗewa. Wadda ta koma gari mai ruwan ƙasa, ƙafa na nutsewa a cikinta, ta yi watanni. Launin waje ba ya wadatarwa, domin malala mai kauri tana iya yin fari a sama cikinta kuma yana nan da sauran lafiya. Saboda haka dole a fasa a duba sabon ɓari.

Mataki na biyu shi ne gwajin tauri. Wuƙar ƙarfe tana karce ma'adinan kabonet cikin sauƙi, amma da ƙyar take yi wa nefelinit ko fonolit alama. Na uku shi ne ɗiga ruwan asid na haidurokulorik mai rauni, kimanin kashi 10 cikin ɗari, a kan sabon ɓarin. Idan ya yi kumfa yana tafasa, kabonet ne. Waɗannan matakai biyu sun fitar da duwatsun silika. Amfani da sabon ɓari yana da muhimmanci a nan, domin tokar kabonet takan lulluɓe duwatsun silika ta sa samansu ya yi kumfar ƙarya.

Kumfar asid ba ta bambanta nyerereyit da kalsit ko turona, domin a wurinta duk kanwar ja ce. Don haka ake zuwa mataki na huɗu, wato gwajin ruwa. Akan ɓantari ɗan guntu daban, wanda ba za a adana ba, a jefa a cikin ruwa kaɗan. Natirokabonatit yakan fara narkewa, ruwan ya yi santsi, takardar awon tsami kuma ta nuna kaifin kanwa mai ƙarfi. Kalsit ba ya narkewa haka. Wannan ya fitar da tsohon dutsen da sodiyam ɗinsa ya wanke.

Abin da ya rage shi ne raba sabo da wanda ya fara lalacewa, domin duka biyun suna narkewa a ruwa. Wannan aikin madubin hannu ne mai ƙara girma sau goma. A sabon samfuri akan ga dogayen ƙwayoyin nyerereyit masu tsabta da kaifin gefe, da kewayayyun ƙwayoyin giregoriyit cike da mazauninsu. A wanda ya lalace kuwa akan ga ƙananan ramuka inda giregoriyit ya narke ya bar gurbi, da farin gari a tsagogi, ƙwayoyin nyerereyit kuma sun dushe sun yi fari kamar alli.

Ya kamata a fahimci iyakar wannan aiki. Abin da aka tabbatar a fili shi ne nau'in dutsen da matakin lafiyarsa. Sunan ma'adinin zato ne mai ƙarfi da aka gina a kan siffa. Kalsit da firsonit suna iya maye gurbin nyerereyit su riƙe siffarsa ta allo ba tare da sun sauya ta ba. Tabbaci yana zuwa ne a ɗakin gwaji, ta hanyar haska garin samfurin da hasken eksire domin karanta tsarin ƙwayoyinsa, da kuma auna sinadaran kowace ƙwaya da na'urar ilektiron.

5.0 Dabarun Ɗebowa

5.1 Shiri Kafin Hawa

Aikin yana farawa ne da takardu. Baƙon mai bincike a Tanzaniya yana buƙatar izini daga hukumar kimiyya da fasaha ta ƙasar, wato COSTECH, fitar da samfurin ma'adini zuwa waje kuma yana da nasa izinin daga hukumar ma'adinai. Tun 2018 dutsen yana cikin yankin Ngorongoro-Lengai da UNESCO ta ayyana a matsayin gandun tarihin duwatsu na duniya. Ga kuma haƙƙin Masai, waɗanda su ne masu wurin kuma su ne 'yan jagora. Mai bincike na ƙwarai yakan nemi yardarsu, ya ɗebi iya abin da bincikensa ke buƙata.

Sai zaɓen lokaci. A arewacin Tanzaniya ana ruwa mai yawa daga Maris zuwa Mayu, da wani ɗan gajere a Nuwamba da Disamba. Watannin Yuni zuwa Oktoba su ne na rani, su ne kuma suka fi dacewa. Akan tashi daga yankin ƙauyen Engare Sero da tsakar dare domin a guje wa zafin rana a kan gangare mai tsananin tsayi, a isa sama da asuba. Ko da rani, gajimare yakan rufe kan dutsen, tururi kuma yana fita daga tsagogin ramin, saboda haka danshi ba ya rabuwa da wurin.

Kayan aikin ba su da yawa: guduma da kurfi, ludayin baƙin ƙarfe mai dogon mariƙi, gwangwanaye masu murfi, kwalabe ko robobi da iska ba ta shiga, ƙullin ƙwayoyin busarwa irin waɗanda ake samu a kwalin magani ko na takalmi, safar hannu mai jure zafi, tabarau, hular kwano, na'urar GPS, da littafin fili.

5.2 Ɗiba da Rufewa

Samfuri mafi daraja shi ne wanda aka kamfato da ludayi daga malala tana gudu, ko aka ɓantara daga wadda ta daskare a gaban idon mai bincike. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. A nan akwai wani tarko ga wanda ya saba da wasu duwatsun. A Hawai masu bincike sukan ɗebi narkakken basalt su tsoma shi a bokitin ruwa domin ya daskare nan take. Yin haka a Lengai zai narkar da abin da aka zo nema. Akan bar samfurin ya huce a busasshen gwangwani mai murfi, da zarar ya yi sanyin da ba zai ƙona roba ba sai a mayar da shi mazubin da iska ba ta shiga, a saka ƙwayoyin busarwa, a liƙe murfin. Ba a taɓa shi da hannu tsirara, domin gumi danshi ne, kaifinsa kuma yana cin fata. Ba a kuma naɗe shi da takarda ko tsumma kamar yadda aka saba yi wa sauran duwatsu, domin su ma suna riƙe laima.

Idan babu malala mai gudu, akan nemi mafi baƙin da ke akwai, a sassaƙe ɓawon waje, a ɗauki tsakiyar. Babban guntu ya fi ƙanana, domin lalacewa daga waje take shiga. Yana da amfani kuma a ɗebi jerin samfura da gangan: na yau, da na jiya, da farin, da wanda ya koma gari, kowanne a mazubinsa. Irin wannan jeri ne ya ba masana damar gano matakan sauyin da aka bayyana a sama. Haɗa su a mazubi guda kuskure ne, domin tsohon zai ba sabon danshinsa.

5.3 Rubutun Fili

Ga sauran duwatsu, lamba da wuri sun isa. Ga wannan, lokaci ma ɓangare ne na samfurin. Ya kamata a rubuta sa'ar da malalar ta fito idan an gani, da sa'ar da aka ɗeba, da sa'ar da aka rufe, da yanayin sama, da ko akwai tururi a kusa. A ɗauki hoton wurin da na ɓarin tare da ma'auni a gefe. Akan rubuta lambar a jikin mazubi, ba a jikin dutsen ba. Idan daga baya na'ura ta nuna turona a cikin samfurin, wannan rubutu ne kaɗai zai nuna ko ta samu ne a kan dutsen ko a cikin jakar mai bincike.

Kulawar ba ta ƙarewa a gindin dutse. A ɗakin gwaji, injinan yanka dutse da na goge shi da ruwa suke aiki. Natirokabonatit kuwa akan yanka shi a bushe ko da mai ko kananzir, a ajiye shi a busasshen akwati. Hatta a na'urar ilektiron akan sassauta hasken, domin sodiyam yana gudu daga inda hasken ya tsananta, awon ya fito ƙasa da gaskiya.

5.4 Haɗurra

Baƙin launin narkakken dutsen yana yaudara, domin abin da bai yi ja ba yana iya kai digiri 500. Ɓawon malala yakan daskare a sama ƙasansa yana ruwa, tulluwan nan kuma cikinsu rami ne, suna iya rubzawa ba zato. Iskar kabon, wadda ba ta da wari, takan taru a wurare masu zurfi. Aman 2007 ya kuma nuna cewa dutsen yana iya sauya hali daga malala mai natsuwa zuwa fashewa. Babu samfurin da ya kai ran mutum.

6.0 Abin da Ya Rataya a Kan Samfuri Mai Kyau

An san wurare fiye da 500 a duniya da ke da duwatsun wuta na kabonet, waɗanda ake kira kabonatit. Suna da muhimmanci ga tattalin arziki: ma'adanar Bayan Obo ta Sin da ta Mountain Pass ta Amurka, inda ake haƙar sinadaran da ake yin maganaɗisun injinan lantarki da wayoyi da su, suna da alaƙa da kabonatit, haka ma ma'adanar niyobiyam ta Araxá a Burazil. Kusan dukkan waɗannan tsofaffin duwatsu na kalsit ne ko dolomit, sodiyam ɗinsu kaɗan ne. Guda ɗayan da aka gani yana aman wuta kuwa cike yake da sodiyam. Tambayar da masana suka daɗe suna yi ita ce: shin Lengai bare ne a cikin dangi, ko kuwa wasu daga cikin tsofaffin ma haka suka fara, ruwa ya wanke sodiyam ɗinsu?

Richard Hay a 1983 ya kawo hujjar cewa tokar kalsit ta dutsen Kerimasi, maƙwabcin Lengai da ya daina aman wuta, asalinta mai sodiyam ce. Dawson da abokan aikinsa a 1987 sun nuna tsohon dutsen Lengai da ya rikiɗe zuwa kalsit. Wasu masanan kuma sun nuna cewa a wurare irin su Kaiserstuhl na Jamus da Fort Portal na Yuganda kalsit ɗin na asali ne, haka ya fito daga wuta. Daga baya aka gano ƙananan ƙwayoyin nyerereyit a kulle cikin wasu ma'adinai masu tauri, a Kerimasi da Oka ta Kanada da Udachnaya ta Saiberiya, inda ruwa bai iya kai musu ba. Wannan ya ƙarfafa ra'ayin cewa sodiyam ya fi yawa a narkakkun duwatsun kabonet na da fiye da yadda ragowarsu ke nunawa, ko da yake bai tabbatar da cewa duka haka suke ba.

Kowane ɓangare na wannan muhawara yana auna hujjarsa ne da sabon samfurin Lengai. Idan samfurin ya riga ya yi asarar wani kaso na sodiyam da fotasiyam kafin a auna shi, duk lissafin da aka ɗora a kansa zai karkace, kuma babu na'urar da za ta mayar da abin da danshi ya ɗauke.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta bayyana cewa gane nyerereyit da giregoriyit a fili yana bin matakai biyar: launi da wuri, tauri, asid, ruwa, da madubin hannu, sannan ɗakin gwaji ya tabbatar. Ta kuma nuna cewa ɗebo su yana buƙatar a sauya wasu al'adun aikin fili, wato a guji ruwa a kowane mataki, a rufe samfuri da wuri, a rubuta lokaci kamar yadda ake rubuta wuri. Ga masu nazarin Hausa, batun ya nuna cewa harshen yana da kalmomin da za su ɗauki wani ɓangare na wannan fanni. Rabe-raben da fatake da masu girki ke yi tsakanin jar kanwa da farar kanwa da ungurnu sun ginu ne a kan launi da kaifi da wurin samuwa, waɗanda su ne irin ma'aunan da mai aikin fili ke amfani da su. Ana ba da shawarar masana harshe da na kimiyyar duwatsu su haɗa hannu wajen tattara waɗannan sunaye tare da gwada sinadaran kowane nau'i, domin a sami tushen ƙamus na ma'adinai da Hausa.